Ga masu shirin sayen barci a kemis

Ranar Lahadi na je gidan yayana duba 'yarsa, wadda ta baro jami'a alhali ba hutu ake yi ba, ba kuma yajin aiki ba. Tun wani zazzaɓi da ta yi farkon damina jikinta ya ƙi komawa daidai. Ina zaune bakin gado ta kira ƙanenta, ta damƙa masa kuɗi, ta rage murya ta ce ya ce wa mai kemis a ba shi "irin ta jiya". Na ce mece ce irin ta jiya? Ta sunkuyar da kai. Yaron ne ya fasa ƙwai: "Gwaggo, ƙwayar barci ce." Na sa aka miƙo mini ragowar katin, sai ga diazepam, wadda aka fi sani da Valium. A ƙarƙashin gado kuwa gwangwanayen lemon ƙarin kuzari ne jibge.

"Wallahi Gwaggo, in ban sha ba har kiran assalatu idona biyu. In na sha kuma, da safe sai na kora wancan kafin in iya ɗaga kai."

Ban yi mata faɗa ba. Da wane bakin?

Ni ma da zazzaɓi nawa ya fara, shekaru goma da wani abu da suka wuce, ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, ga yara ƙanana a gida. Aka yi mini maganin maleriya. Aka ce taifot ce, aka yi allurai, aka ƙara ruwa. Zazzaɓi ya tafi, gajiya ta zauna, wadda sai daga baya na san cewa ciwo ce mai suna ciwon gajiya mai ɗorewa. Wanda bai taɓa ɗanɗana ta ba zai ɗauka gajiyar da ya sani ce, wadda ake kwanciya ta wuce. Wannan daban take. Sai in yi barci tun bayan isha'i har rana ta fito, in farka kamar na kwana ina daka. Wani daren kuma jiki ya mutu murus, amma kai ya ƙi yin shiru, zuciya na bugawa, ƙafafu na tsitstsira kamar ana yawo a cikinsu. A hankali dare ya koma mini rana, rana ta koma dare.

Mutane ba su rasa abin faɗa ba. Wasu suka ce son jiki ne. Wasu suka ce tunani na sa wa raina. Surukata, Allah ya jiƙanta, ta tsaya kai da fata cewa hannu aka sa mini, aka yi ta rubutu da hayaƙi. Addu'a ban taɓa raina ta ba, har gobe da ita nake kwana. Abin da ya ci mini rai shi ne babu wanda ya yarda cewa ciwo ne na jiki, tunda duk gwajin da aka yi sai a ce lafiya lau.

Mai kemis ɗin unguwarmu ne kaɗai bai yi mini wa'azi ba. Ya fara ba ni Piriton. Da ta daina aiki ya ba ni Lexotan, daga baya Valium. Daren farko da na sha, na yi barcin da na ɗauka na warke. Ku gaya mini, mace mai aji a makaranta da ƙarfe takwas, mai miji, mai goyo, wadda kowa ke kallon ta a matsayin malalaciya, ta samu abin da ke kashe mata dare da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, me za ta yi? Har yau idan na tuna sai in ji ban yi abin da wata ba za ta yi ba. Amma kuma na iya karatu. Takardar da ke cikin kwalin ban taɓa buɗe ta ba, don ba na son sanin abin da ke ciki. Likitoci sun daɗe da cewa ƙwayoyi irin su Lexotan da Valium ba a wuce mako 2 zuwa 4 ana shan su, domin jiki na sabawa, ya nemi ƙari. Ni na wuce nan nesa ba kusa ba. Guda ɗaya ta zama biyu. Abin da kawai nake gode wa Allah a kai shi ne ban kai ga kodin ba, don a lokacin ana samun sa kamar lemo, sai a watan Mayun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Da safe kuwa Nescafe, da rana goro, da la'asar shayi mai kauri. Ban san cewa sinadarin kafeyin da ke cikinsu yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jini ba. Wato goron la'asar yana nan yana aiki lokacin da nake haɗiyar ƙwayar dare. Da hannuna nake kunna wuta, da hannuna nake neman ruwa.

Duk wannan ba shi ne babban kuskurena ba. Babban shi ne ranakun da na ji dama-dama. Ranar da na tashi da ɗan ƙarfi sai in ce yau sai na rama: wanki, shara, kasuwa, gaisuwar mutuwa, gidan biki. Washegari shiru. Sai jibi in faɗi warwas, ciwon gaɓoɓi, maƙogwaro ya yi zafi, kai ya yi duhu har sunan ɗalibata ya ɓace mini. Ban taɓa haɗa bikin Asabar da faɗuwar Litinin ba, saboda tazarar da ke tsakaninsu. Ashe alamar ciwon ke nan mafi girma: yakan jira awa 12 zuwa 48 bayan an wahalar da jiki ko ƙwaƙwalwa kafin ya turnuƙe mutum, ya kuma ɗauki kwanaki ko makonni bai sake shi ba. Kuma dararen da suka biyo bayan irin wannan wahala su ne barci ya fi ƙaurace mini. Mai lafiya in ya gaji sai ya yi barci. Mu in muka wuce iyaka, barcin ne ke fara gudu.

Wani likita ya ce in riƙa tattaki, kullum in ƙara nisa. Na bi, na ƙara lalacewa. Na daɗe ina jin haushinsa, amma gaskiya abin da aka koya masa ya faɗa. Ko a Ingila sai a watan Oktoban 2021 hukumar NICE, mai tsara wa likitocinsu ƙa'idojin magani, ta janye wannan shawara ta ƙara motsa jiki mataki-mataki ga masu ciwon. To ina ga namu?

Sai kuma wautar ƙarshe. Wata rana na ji kunyar kaina, na kwashe ƙwayoyin na zuba a masai, na ce daga yau an gama. Abin da ya biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gani: rawar jiki, zufa, firgita, dare da rana babu runtsawa. Daga baya na ji cewa yanke su farat ɗaya yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har a rasa rai.

Wannan ne ya kai ni asibitin koyarwa, inda na haɗu da wata likita da ta bar ni na yi magana har na gama. Ta sa aka duba ƙarancin jini da sinadarin ƙarfe, da suga, da ƙoda, da hanta, da halittar wuyan nan mai kawo maƙoƙo, da HIV, da tarin fuka, domin kowannensu na iya kawo gajiya irin wannan kuma yana da magani. Ta kira maigidana ta tambaye shi ko ina minshari, ko numfashina na ɗaukewa cikin barci, domin wannan ciwo ne mai zaman kansa da ake ganowa da gwajin barci. Ta yi tambaya kan tsitstsirar ƙafafun nan. A ƙarshe ta ce abin da ke damuna shi ne ciwon gajiya mai ɗorewa, wanda ake kira ME/CFS, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin cututtukan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa tun 1969. Ya fi kama mata, kuma sau da yawa bayan wata cuta mai zazzaɓi yake farawa. Babu gwajin jini da ke nuna shi, babu kuma maganin da ke warkar da shi. Wani babban rahoto da aka fitar a Amurka a 2015 ya sa barcin da ba ya wartsakarwa cikin alamomin da dole a samu kafin a ce mutum na da shi. Ashe barcin nawa ba wani ciwo ne na daban da zan kashe da ƙwaya ba.

Ƙarfen jinina ya yi ƙasa, aka gyara, ƙafafu suka lafa. Ta mayar da ni kan diazepam, ta yi ta rage mini kaɗan-kaɗan tsawon watanni. Daga baya ta ba ni amitriptyline ɗan mitsitsi da dare, ya rage ciwon jiki, ya bar ni da bushewar baki da jiri. Da yawa daga masu ciwon nan jikinsu ba ya ɗaukar magani kamar na sauran mutane, shi ya sa ake farawa da mafi ƙanƙanta. Kada wata ta karanta sunan nan ta aika kemis, na san halinku.

Ban warke ba. Har yau nakan farka a gajiye. Amma da dare nake barci, kuma na san ranar da na jawo wa kaina.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari masu yawa, sai na ga yawancinsu za ku same su a wayar da ba ta barin hannunku. Ita 'yar yayan nawa ma, ina cikin ba ta wannan labari ta nuno mini bidiyon wani mai tallan ganye a TikTok da ya rantse yana maganin gajiya cikin kwana uku. Kun fi mu karatu, kun fi mu jin Turanci, amma wanda ya fi iya ihu shi kuke saurare.

Kada ku sayi barci a kemis. In kuwa kun riga kun yi makonni kuna sha, kada ku daina yau don kun karanta wannan. Ku kai katin gaban likita ku faɗi gaskiyar adadin da kuke sha. Likitocin ƙwaƙwalwa su suka fi sanin yadda ake raba mutum da waɗannan ƙwayoyi, akwai asibitocinsu na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, kuma zuwa can ba hauka ba ne. In har rai ya fara raya muku cewa rayuwar ba ta da amfani, wannan ma a faɗa musu a ranar.

Ku je wurin likita da littafi a hannu: yaushe kuka kwanta, yaushe kuka farka, me kuka yi jiya da shekaranjiya, me kuka sha. Na makonni biyu ya isa. Layi na da tsawo, likita na da gajiyarsa, takarda ta fi "wallahi jikina ne kawai babu daɗi". Ku bi abin da ya ce. To, ban da in ya ce lalaci ne ku shiga gudu. Nan ku yi masa godiya ku nemi wani. Na san yanzu na ce ku bi likita, na kuma ce kada ku bi shi. Haka abin yake, ni ma ban samo hanyar da ta fi wannan ba.

Ku tsaya tun kafin ku gaji. Gidan biki a yi haƙuri, wanki a raba shi, salla in tsayuwa ta gagara addini ya yarda a zauna. Za a ce kuna da girman kai, a ce.

Barcin rana kuwa, ko'ina za ku ji ana cewa a bar shi don na dare ya zo. Ni ma na so in ce haka, sai na tuna cewa ranar da ban kishingiɗa bayan azahar ba, daren ya fi lalacewa. Ku kwanta, amma kada ya kai la'asar. Wanda dare ya riga ya juye masa kada ya ce zai gyara a mako guda, a riƙa matso da lokacin tashi kaɗan-kaɗan, in jiki ya ƙi a dakata. Shayi da goro da gwangwanin nan su tsaya kafin azahar. Wayar kuma a bar ta a falo. Wannan na ƙarshen na san ba za ku yi ba.