Sati biyar muna rushe tsohon gidan kakanmu a cikin gari

Tun watan jiya mutane ke ta tambayata a WhatsApp wai ina aka kwana maganar gidan nan na cikin gari, wasu ma har sun fara cewa yaushe za mu tare. To jama'a ko bulo ɗaya ba a ɗora ba tukuna, sati biyar kenan muna abu ɗaya, rushewa da kwashe ƙasa, alhali kafin mu fara ni a lissafina kwana huɗu na ba aikin nan.

Ga wanda bai san labarin ba, gidan na kakanmu ne, yana cikin badalar Kano ba nisa da kasuwar Kurmi, a irin lungunan nan da in mai baro ya shigo sai kowa ya manne da katanga. Shi marigayin fataucin fata ya yi, don haka rabin ginin asali ma ba wajen kwana ba ne, sito ne, dogayen ɗakuna masu duhu da 'yar taga guda can sama. Bayan rasuwarsa aka zuba 'yan haya, daga baya masu ɗinkin takalma suka karɓi gaban, har dai aka zo rabon gado na sayi kason 'yan uwa saboda ba na son ya fita daga hannun dangi, kuma ni da maman yara mun gaji da zaman haya, yara huɗu a ɗaki biyu.

Abin da ban gane ba sai da aka fara taɓa shi, ashe gini uku ne a cikin gini ɗaya. Akwai na asali, tubali da azara. Akwai na zamanin Udoji wajen 1975 da kuɗi ya shigo hannun mutane, aka yaɓe katangun ƙasa da siminti aka ɗora kwano a kan wasu ɗakunan aka buga silin. Sai kuma ɗakunan bulo da aka cusa a tsakar gida don haya, ba zane ba komai, wani ma jingina shi kawai aka yi da tsohuwar katanga. Daga waje duk fenti ɗaya ne, ba ka bambance wanda ke ɗauke da wani.

Ranar farko wasu samari majiya ƙarfi suka same ni suka ce Alhaji ka bar mana, kwana uku za ka zo ka ga fili, kuma ba sai ka biya mu ba, mu dai azara da kwano da ƙarafa namu ne. Gaskiya raina ya biya, wa ke ƙin sauƙi a wannan marra. Allah ya taimake ni kawuna ya ji, ya ce kar na kuskura, washegari ya zo min da wani dattijon magini wanda ya gaji ginin ƙasa tun kaka da kakanni, yanzu ƙarfi ya tafi sai ido da sani. Baba ya shiga da sandarsa yana bi ɗaki ɗaki yana ƙwanƙwasa katanga yana sauraro, wani wajen ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufi, mu da injiniyana muna biye da shi ba mai magana. Da ya zo ɗakin ƙurya na gabas sai ya tsaya yace, ɗana wannan bangon ba naka ba ne kai kaɗai. Nace Baba ai yana cikin takardarmu. Yace takarda ba ta ɗaukar azara, je ka leƙa ɗakin maƙwabciyarku ka ga inda kan azararta ya kwanta.

Muka yi sallama muka shiga, Hajiya tsohuwa ce sa'ar mahaifiyata, a ɗakin take kwana da jikoki uku, kuma wallahi kamar yadda ya faɗa, duk rufin ɗakinta a kan bangonmu yake. Da na ba samarin nan aikin da ranar farko za su danne mutum huɗu. Na fito jikina ba ƙwari, har yau in na tuna sai na ji tsigar jikina ta tashi. Haka yawancin gidajen cikin gari suke, an gina su ne a jikin juna, wa ya fara wa ya jingina sai dattawa ne suka sani, shi ya sa kafin ka ɗaga diga ka shiga gidan kowane maƙwabci da ƙafarka ka duba, ka kuma kira mai unguwa ya shaida iyaka. Mu mun yi haka, muka ɗauki hoton duk tsagewar da ke jikin ɗakunansu tun kafin a fara don kar gobe a samu saɓani, takardar izini kuma injiniya ne ya bi min ita a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano.

Daga nan Baba ya zauna a dakali ya karantar da mu. Katangar ƙasa gindinta kauri ne da shi, tana tafiya sama tana sirancewa, tubalin kuma ba irin bulo ba ne mai kusurwa huɗu, mulmulalle ne mai faɗin ƙasa da tsinin kai, ana jera shi tsinin na kallon sama a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Azara daga giginya ake tsago ta, gara ba ta iya mata, amma ba ta son nisa, in ta wuce kamar ƙafa 6 ba abin da ya tokare ta sai ta fara lanƙwasa saboda nauyin ƙasar da aka zuba a kanta, shi ya sa sitocin suke dogaye amma matsattsu, shi ya sa kuma zaure mai faɗi sai an yi masa ɗaurin guga, wato rufi mai baka kamar ƙubba. To in ka fahimci yadda aka ɗora, yace, haka za ka sauke, abin da magini ya ɗora a ƙarshe shi za ka fara cirewa. A hau kan soro a kankare ƙasar rufi da shebur a zubo ta a hankali, a zare azara ɗaya bayan ɗaya, sannan a bi katanga daga sama ana rage ta layi layi. Abin da ya hana da babbar murya shi ne dabarar nan ta 'yan sauri, a sare gindin katanga da diga sannan a taru a tura ta, don katanga ba ta jiran a tura ta, kuma ba kullum take faɗuwa inda aka nufa ba.

Kafin duk wannan mun sa an cire mita an yanke wuta daga fol, kuma nan ma sai da mai gyaran wuta ya yini, saboda wayoyin gidaje biyu ta kan rufinmu suka ratsa. Mun kuma jira damina ta ɗauke sarai sai a Nuwamba muka fara, ginin ƙasa in ka yaye masa rufi a watan Agusta ruwa ɗaya ya ishe shi ya zabtare.

Simintin zamanin Udoji shi ya fi ba ni takaici. Siminti ba ya kama jikin ƙasa, lulluɓe ta kawai yake, danshi ya shiga ta ƙasa ko ta tsagewa ya rasa hanyar fita, sai katangar ta rinƙa cin kanta a ɓoye. Akwai bangon da na so ƙwarai a bari don ya zama na falo, yana nan sumul kamar jiya aka yi, lebura ya ɗan ɓanɓare filastar sai ga ƙasa na zubowa kamar garin tuwo, hannu na shiga har gwiwa. Amma zauren da ba a taɓa yi wa siminti ba, wanda yake da tsohon yaɓensa na makuba, irin wanda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, da ƙyar diga ke kama shi.

Silin ɗin kuma injiniya ne ya tsayar da aiki a kansa. Irin farin allon nan ne mai kauri da muka taso muna gani a makarantu da gidajen ma'aikata, asbesto. Muddin yana zaune ba a taɓa shi ba da sauƙi, amma in aka fasa shi ƙurarsa tana da wasu siraran zaruruwa da ido ba ya gani, su shiga huhu su maƙale, sai bayan shekara 20 ko 30 ko fiye ciwo ya bayyana, har da kansa, shi ya sa ƙasashe da yawa suka hana amfani da shi, Ingila tun 1999. Mu nan yaro zai hau da guduma ya farfasa shi ya sauko fari fat yana dariya, ba wanda ya taɓa gaya masa. Mun jiƙa shi da ruwa, aka zare ƙusoshi aka sauke fale fale ba a karya ba, aka naɗe a leda, kowa da takunkumi mai kauri ba irin na kyalle ba. Wani ya zo yana roƙo a ba shi ya rufe akurkin kaji, na ba shi haƙuri na hana, ya tafi yana ganin rowa ce.

Sati na uku muka ga tashin hankali. Wani lebura, yaro mai ƙoƙari da ya zo cirani, yana tura baro a tsakar gida sai daɓe ya rufta da ƙafarsa har cinya. Tsohuwar shadda ce da aka rufe bakinta da azara aka zuba ƙasa, shekaru suka bi ta kai aka yi siminti, ba wanda ya san da ita a cikinmu. Allah ya tsare bai karye ba sai buguwa da ƙujewa, na kai shi aka duba shi aka yi masa allurar tetanos, na ce ya huta ana biyansa yininsa. Da na kira mahaifiyata a waya tace ai biyu ne ma, akwai wata ta bayan madafi, kuma akwai rijiyar da aka cike tun tana amarya. Da na tambaye ta tun farko da yaron nan bai ji ciwo ba, wannan laifina ne kuma na ɗauka. Yanzu duk ukun an tone an cike su kaɗan kaɗan ana daddaɓewa, injiniya ya gyara zane don kar fila ta sauka a kansu.

Kwashe ɓaraguzai kuwa ya fi rushewar cin kuɗi nesa ba kusa ba, ɗakin ƙasa guda in ya sauka sai ka rantse ɗaki uku ne. Tifa ba ta shiga lungunmu, sai da baro a kai bakin titi da sassafe kafin 'yan kasuwa su fito, ga hunturu ya shigo ƙura kan ƙura, kullum sai mun sayi ruwa wajen 'yan garuwa an yayyafa saboda maƙwabta, akwai masu asma akwai jarirai. Mutum nawa suka ce min a zuba a kududdufin da ke bayanmu a huta. Na ƙi. Kududdufan nan daga cikinsu aka haƙo ƙasar da aka gina birnin, kuma su ke shanye ruwan damina, duk wanda ya taso a cikin gari ya ga yadda ruwa ke shiga ɗakunan mutane a inda aka cike su. Jar ƙasar wani mai gini a gona ya aiko aka ɗiba, tunda in an jiƙa ta aka sake kwaɓawa tana komawa aiki, fasassun bulo muka ajiye don ciko, tsohon kwano da ƙarafa 'yan gwangwan suka auna suka saya. Da dare kuma dole na sa mai gadi, ba don sata ba, don yara masu neman ƙarfe, duk mun ga yadda gini ya danne masu tonon rodi lokacin rusau na gwamnatin Kano a 2023, ba na son ɗan kowa ya shiga ƙarƙashin rabin katanga a gidana.

Zauren dai mun bar shi. Injiniya ya so a sauke don a samu wajen ajiye mota, maman yara ma da farko ta goyi bayansa, amma ranar da ta shigo da tsakar rana ta ji sanyin da ke ciki ba fanka ba komai, ta ɗaga kai ta ga ɗaurin gugan, ita da kanta tace a bari, motar da ba ta ma shiga lungun. Tsohon ƙyauren ma yana nan, da azarar da muka zare masu lafiya an jingine su a inuwa. A cikin wata alkuki da aka toshe mun samu allo da tawadar ta dushe da 'yan aninai da kwabo masu huji a ƙulle a tsumma, na kai wa mahaifiyata, ta riƙe allon ta daɗe ba ta ce komai ba sannan tace na ƙaninta ne da ya rasu yana yaro.

Bangon Hajiya yana tsaye, an tokare shi da gora da katako daga ɓangarenmu, namu sabon za a tayar da shi a gefensa ba tare da an taɓa nata ba, mun rasa kusan taku biyu na faɗin ɗaki kuma na yarda. Jiya ta aiko wa leburori da kunun tsamiya. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za a ja igiya a fitar da fandisho, sai dai har yanzu ina neman wanda ya iya haɗa makuba da hannunsa don gyaran bayan zauren, Baba yace shi zai tsaya a kai amma ba zai iya hawa tsani ba, don Allah wanda ya san wani a cikin gari ko wajen Dala ya yi min magana.