Darar ces mai hawa uku: yadda muka ƙirƙira ta a Nima har muka kai ta intanet

Kamfaninmu ƙarami ne, mu uku ne a ɗaki guda a Nima, cikin birnin Akara, kuma abincinmu na yau da kullum yana fitowa ne daga gina shafukan intanet ga shaguna da makarantun unguwa. Darar ces mai hawa-hawa aikin dare ce da muka ɗora wa kanmu, sai ga shi ta zama abin da ya fi cin lokacinmu da tunaninmu.

Ba mu ne muka fara wannan tunani ba. Tun a 1851 wani gwanin ces, Lionel Kieseritzky, ya kawo allo mai hawa takwas, gida 512, wanda ya fi ƙarfin idon ɗan Adam. A 1907 wani likita Bajamushe, Ferdinand Maack, ya fito da tasa darar mai suna Raumschach, wadda daga baya ta tsaya a kan hawa biyar, kowane hawa biyar sau biyar, jimilla gida 125, tare da sabon ɗa da ake kira doki mai ƙaho, wanda ke ratsawa ta kusurwa yana sauya hawa a kowane taku. Na koyi abubuwa da yawa daga aikinsa, amma da na buga wasan da hannuna sai na ga inda gizo ke saƙar. A allon da aka saba mai gida 64, sarkin da ke tsakiya yana da mafita takwas. A cikin allo mai zurfi kuwa mafitarsa 26 ce, don haka ritsa shi yakan zama wahala, wasa ya yi ta ja har 'yan wasa su gaji.

Samfurinmu na farko wani kafinta ne a unguwar Mamobi ya haɗa mana shi da faifan roba mai kama da gilashi guda uku da ƙafafun katako, muka yi 'ya'yan da murafun kwalba. Na kai shi majalisar dattawan da ke buga dame, wata irin dara, bayan la'asar, domin su ne ba sa yi wa wasa kara. Wani dattijo ya yi kusan awa guda yana bin sarkina daga bene zuwa bene, sannan ya ajiye murfin da ke hannunsa ya ce, "Ɗana, wasan da sarki ba ya kamuwa a cikinsa ai ba wasa ba ne." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." A makon nan muka rage allon zuwa hawa uku, kowane shida sau shida, gida 108, muka kuma taƙaita sarki: yana da takunsa takwas a hawan da yake, sai hawa ko sauka kai tsaye, mafita goma ke nan. Hasumiya, ɗan da ke tafiya a miƙe, muka bar mata fuska shida, wato gaba, baya, dama, hagu, sama da ƙasa. Doki mai ƙaho muka cire shi, domin a hawa uku ba ya iya wuce taku biyu.

Kai wasan intanet shi ne ya koya mana cewa idon mai wasa ya fi ƙa'ida wuyar gamsarwa. Mun fara da Three.js, manhajar zana abubuwa masu zurfi a shafin intanet, muka yi allo mai juyawa da yatsa, yana da kyau ƙwarai a kwamfutar ofis. Amma a ƙananan wayoyin Android da mutanenmu ke riƙewa sai waya ta ɗauki zafi, batir ya zube, kuma mutum ya taɓa gidan sama alhali na ƙasa yake nufi. Wata uku na aiki muka ajiye gefe, abin da har yanzu nake jin zafinsa, muka koma shimfiɗa alluna uku a jere daga sama zuwa ƙasa, kowane da launinsa, ta yadda idan ka taɓa ɗa sai ɗigo ya bayyana a duk gidan da zai iya zuwa. Wajen rubuta motsi mun ari tsarin Raumschach: babban harafi ga hawa, ƙarami ga layi, sannan lamba, kamar Bc3. 'Yan haruffan nan kaɗai ke tafiya ta WebSocket, layin sadarwa da ke zama a buɗe, zuwa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da wasan, ita ce ke tantance halaccin motsi, don haka data kaɗan wasa ke ci. Saboda ɗaukewar wuta da yankewar layi, mun sa agogo ya jira wanda ya ɓace na minti biyu kafin a ba abokin karawarsa nasara. Matsayin 'yan wasa kuwa da lissafin Elo muke auna shi, tsarin ba da maki wanda hukumar ces ta duniya, FIDE, ta karɓa a 1970.

An sha ba mu shawarar mu bari a riƙa zuba kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, wanda ya ci ya kwashe, mu kuma mu yanki kasonmu. Na ƙi, domin caca ce, kuma yawancin masu shigowa yaran makaranta ne. Abin da wasan ke kawowa yanzu daga allunan katako ne da muke sayar wa makarantu, sai ɗan talla a shafin farko. Aikin da ke gabanmu shi ne injin da zai kara da mutum idan babu abokin wasa, kuma wanda muka rubuta har yanzu taku huɗu kawai yake hangowa kafin wayar ta fara nauyi.