Yadda Na Samo wa Inna Mai Ƙaho a Zariya

Ciwon baya ya kai shekara biyu yana damun mahaifiyarmu, ga kuma hawan jini da ake duba ta a kansa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Da yake ni ce nake aure kusa da ita a Tudun Wada, ɗawainiyar neman magani a kaina ta faɗo, kuma kuskuren farko da hannuna na tafka shi.

Wata rana a kasuwar Sabon Gari na tsaya gaban motar wani mai magani, yana lissafa basir da taifot da sanyi da ciwon baya ta lasifika, wai duk gora ɗaya ce take kawar da su. Gorar ba ta da takarda ko ɗaya a jikinta. Ya ce mini, "Hajiya, ki ce mata ta ajiye ƙwayoyin asibiti, don ba a haɗa su." Inna ta ajiye, kuma kwana goma ba su cika ba jiri ya fara ɗibarta, jininta ya hau. Likita bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, "Mene ne a cikin gorar?" Na rasa amsa. Ya bayyana mini cewa wasu kan jiƙa ƙwayoyin kashe zafi irin su dikilofenak a cikin tsimi, mutum ya ji sauƙi nan take alhali ƙodarsa tana cutuwa. A bakinsa kuma na fara jin cewa ko lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, da ake gani a jikin maganin gargajiya, galibi shaida ce ta cewa an gwada shi ba a ga guba ba, ba wai hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba.

Da ta farfaɗo, Inna ta ce ita ƙaho take so, domin da shi ta taso a hannun wanzamai. Wannan karon sai da na nemi yardar likita, sannan na tambayi matan Islamiyyarmu, na je wurin mata uku masu ƙaho ni kaɗai kafin in kai ta. Ta farko, na tarar da kofunanta jibge a roba ɗaya cikin ruwan da ya yi duhu, ban ko zauna ba. Ta biyu, tun ba ta ga Inna ba ta yanke hukuncin cewa sammu ne, kuma sai an biya kuɗin zama bakwai a dunƙule.

Ta ukun, wadda take cikin birni, ita ce ta gajiyar da ni da tambayoyi, har na fara jin haushi. Ta tambaya ko Inna tana da ciwon suga, ko tana shan maganin da ke tsinka jini, ko an taɓa cewa jininta ya yi ƙasa, sannan ta ce mu zo da katin asibiti. Ranar da muka je ta auna hawan jinin Inna, ta ajiye na'urar ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, yau ba zan taɓa ki ba." Haka muka koma gida ba ta karɓi ko kwabo ba, kuma wannan ƙin da ta yi shi ne ya sa na amince da ita.

Mun koma ranar 17 ga watan Musulunci, ɗaya daga cikin ranakun da ake so a yi hijama, wato ƙaho. Ta faɗi kuɗinta tun kafin ta fara, ta rufe ƙofa, ta sa safar hannu, ta yage ledar sabuwar reza da sababbin kofuna a gabanmu, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna iya bin reza ɗaya daga jiki zuwa jiki. Tana jan jinin tana gaya wa Inna cewa ƙaho yana iya rage ciwo amma ba ya gyara ƙashin baya, kada kuma ta kuskura ta sake barin ƙwayoyinta.

Inna ta samu sauƙin da ya ba ta damar yin sujada ba tare da kujera ba na 'yan makonni, daga baya ciwon ya ɗan dawo. Da na kira matar in nemi zama na biyu, cewa ta yi mu fara zuwa Shika tukuna, mu kawo mata abin da likita ya ce.