Jama'a na raguwa, bututun ruwa bai ragu ba

Abin da ya fi ɗaure mini kai game da raguwar jama'a shi ne yadda mutane ke raguwa amma garin bai tsuke ba. Bututun ruwan da aka shimfiɗa domin mutum dubu ɗari yana nan da tsawonsa ko da dubu goma ne suka saura, kuma da harajin waɗanda suka saura za a riƙa gyara shi, alhali akasarinsu sun riga sun yi ritaya.

Garin Yubari da ke tsibirin Hokkaido a Japan ya ɗanɗana wannan. A 1960 yana da mutum fiye da 110,000, albarkacin haƙar kwal. Da aka rufe mahaƙar ƙarshe a 1990, sai hukumar garin ta dage da cin bashi tana gina wuraren shaƙatawa da fatan baƙi za su cike giɓin, har ta durƙushe a 2007. Yau mazauna garin ba su kai 10,000 ba, kuma makarantar firamare ɗaya tal ta rage.

Birnin Toyama kuwa, shi ma a Japan, ya karɓi raguwar a matsayin abin da ba makawa, ya tsara kansa a kanta. A 2006 ya mayar da wani tsohon layin dogo zuwa ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, ya riƙa tallafa wa masu gina gida ko saye kusa da tashoshi, sannan ya ba masu shekara 65 zuwa sama damar shiga tsakiyar birni a kan yen 100 kacal. Dattijon da ya daina tuƙi yana iya zuwa asibiti da kasuwa da kansa, ba tare da jiran wanda zai kai shi ba.

A ganina wannan ya fi gwanjon kangon gidaje daga farashin yuro ɗaya, kamar yadda garin Sambuca ya yi a Italiya, domin yawancin masu saye hutu kawai suke zuwa yi. Haka ma rige-rigen jawo matasa da kyautar kuɗi: sau da yawa ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka ce ke yin asarar su.

Sai dai tattara jama'a wuri guda yana da nasa ciwon. Tsohuwar da aka haifa a ƙauyen kan dutse, inda kabarin mijinta yake, ba lallai ta yarda ta tashi ba, kuma muddin tana can, wajibi ne hukuma ta ci gaba da kai mata ruwa da ma'aikacin jinya.