Tausar tsohon kare da shimfiɗar da na ɗinka masa: inda na kai

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Abin da ya fi cin lokacina a 'yan makonnin nan shi ne tausar kwankwaso da ƙafafun bayan karena Duna, don haka da su zan fara, sannan in gangaro kan ɗinki, tunda shimfiɗar tausar ta kammala kuma ragowar yadin bai tafi a banza ba.

Ga wanda bai san Duna ba, babban kare ne da ya manyanta, furfura ta fara fito masa a baki, kuma likitan dabbobi ya tabbatar yana da amosanin gaɓɓai a kwankwaso. Likitan ne ya rubuta masa magani, shi ne kuma ya ce babu laifi a haɗa da tausa mai sauƙi. Na sa wannan a gaba ne don kada wani ya ɗauka tausa tana maye gurbin magani. Guringuntsin da ya zaizaye a cikin gaɓa, hannu ba ya mayar da shi. Aikin hannu shi ne ya sassauta tsokar da ta ɗaure a kewayen gaɓar, ya motsa jini, ya kwantar wa dabba da hankali. Ga karen da tashi daga kwance ya zame masa aiki, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ciwon yana baya, amma inda tsoka ta fi tauri gaba ne: wuya da kafaɗu. Da na bi dalili sai na ga abin a fili yake. Lafiyayyen kare ma kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba yake. Idan kwankwaso ya fara ciwo, sai ya ƙara turo nauyin gaba don ya huce wa bayan. Ga shi kuma ƙafafun gaban kare ba ƙashi ne ya haɗa su da gangar jiki ba kamar yadda ƙashin wuyanmu yake riƙe kafaɗa. Nasa ɗan guntu ne da ba ya aikin komai, tsoka ce kawai take rataye da ƙirjin a tsakanin allunan kafaɗa biyu. To tsokar da take wannan ɗawainiya dare da rana, an kuma ƙara mata kaya, dole ta gaji. Shi ya sa yanzu rabin lokacin tausar a gaba nake ƙarar da shi, kafin ma in taɓa wurin da yake ciwon. In kuna da kare mai ɗingishin baya, ku shafa gefen wuyansa da bayan allon kafaɗa ku ji, ina kyautata zaton za ku tarar da abin da na tarar.

Yadda nake bi yanzu ga shi. Nakan ɗora tafin hannu a kafaɗarsa in bar shi a nan, ba motsi, har sai na ji numfashinsa ya daidaita. Daga nan sai doguwar shafa da buɗaɗɗen tafi, daga wuya zuwa gindin wutsiya, ina bin yadda gashi ya kwanta. Hannu ɗaya ba ya barin jikinsa sai ɗayan ya sauka, don kada ya riƙa zabura da kowace sabuwar taɓawa. Ƙashin baya ba a danna shi; tsokar da take kwance a gefensa biyu ita ake bi. Idan jiki ya yi ɗumi sai in koma matsa tsoka a hankali tsakanin babban yatsa da sauran yatsu, in ɗaga ta kaɗan, in sake. Wannan a inda nama yake da kauri kawai ake yi, wato wuya, kafaɗa da cinya. A kan haƙarƙari da ƙwauri shafa ta isa.

Na gwada kuma ƙananan zagayen nan da Linda Tellington-Jones, wata mai horar da dabbobi, ta yi suna da su, inda ake tura fata da kan yatsu zagaye ɗaya da kwata, sannan a matsa gaba. Ba gashi ake gogawa ba, fatar ce take motsi a kan naman. A ganina masu koyar da hanyar suna yi mata kirari fiye da kima, amma Duna yana son ta a gindin kunne, kuma tana koya wa mutum rage ƙarfin hannu, wanda shi ne babban ciwon mu masu koyo. Ƙarfin da za ka iya jurewa a kan fatar idonka in ka rufe shi, da shi ake farawa.

Lanƙwasa gaɓa da miƙe ta kuwa, ban yi ba sai da likita ya kama ƙafar ya nuna mini. Kare yana kwance a gefe ɗaya, hannu ɗaya a saman gaɓa, ɗaya a ƙasanta, a lanƙwasa a hankali har inda ta tsaya da kanta, a dawo. Ba a ja, ba a murɗawa, ba a wuce inda ta tsaya. Wannan kam kada ku koye shi daga rubutu, har da nawa.

Mafi yawan abin da na koya a watan nan ba a hannu yake ba, a ido yake. Kare ba zai ce maka ya isa ba, amma jikinsa yana faɗa tun kafin ya yi gurnani. Lashe hanci alhali babu abinci a kusa, hamma ba tare da barci ba, kau da kai, farin ido ya fito, kunnuwa su koma baya, jiki ya sandare: duk waɗannan cewa yake yi a dakata. Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne kare ya yi tsit bai motsa ba, sai a ce ai daɗi yake ji. Sau da yawa daurewa yake yi. Mai jin daɗi idonsa yakan lumshe, ya yi ajiyar zuciya, ya jingino da nauyinsa a hannunka. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce in tsaya bayan 'yan daƙiƙu in janye hannu. In ya turo kai ko ya matso, sai mu ci gaba. In ya tashi ya tafi, an gama ke nan na ranar, kuma ba na kiransa ya dawo. Minti 5 zuwa 10 ya ishi mai farawa.

Akwai lokutan da ba a tausa ko kaɗan: zazzaɓi, buɗaɗɗen rauni, karaya ko zargin karaya, wurin da ya kumbura yana zafi, ciwon fata, da duk wani ƙullutun da likita bai duba ba. Zafin jikin kare na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya, wato ya fi namu, don haka jin jikinsa da ɗumi a hannu ba ya nuna zazzaɓi. Ma'auni ne yake faɗa. Ba na shafa masa mai, gashin kansa ya isa santsi, kuma duk abin da aka shafa sai ya lashe. Wasu mayukan ƙamshi da ake tatsowa daga tsirrai guba ne gare shi. Haka maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, yana iya lalata masa ciki da ƙoda. Wata riba da ban zata ba ita ce, hannun da yake bin jiki kullum shi yake fara gano kaska ko sabon ƙullutu tun yana ƙarami.

Yanzu ɗinki. Tun farko na lura Duna ba ya sakin jiki a kan daɓe mai santsi, ƙafafunsa suna zamewa in zai tashi, katifa mai laushi sosai kuma nutsewa yake yi a ciki, kwankwason ya karkace. Abin da ake bukata shimfiɗa ce mai ɗan kauri, wadda ba ta zamewa, kuma take shiga wanki. Na auna shi yana kwance a gefe ya miƙe ƙafafu, daga hanci zuwa gindin wutsiya, na ƙara santimita 20 a kowane ɓangare. Hawa uku na yi: yadin auduga mai kauri irin na jins a sama, audugar cushe mai faɗi a tsakiya, sai yadi mai ɗigon roba a ƙasa don ya kama daɓe.

Kafin almakashi ya taɓa yadin auduga, a wanke shi, a shanya, a goge. Auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma abin da kare zai kwanta a kai zai riƙa shan ruwan zafi, wajen digiri 60, saboda ƙuma da ƙwayayenta. In ba a wanke tun farko ba, saman zai tsuke ya bar ƙasan, shimfiɗar ta tattare.

Wurin da na fi daɗewa shi ne haɗa hawa ukun. Haƙoran keken ɗinki na ƙasa suna jan yadin ƙasa, na sama kuwa ƙafar keke tana danne shi, sai ka isa ƙarshen layi ka tarar wani ya fi wani tsawo. Abu uku suka raba ni da wannan. Na riƙe hawan da ɗinkin hannu mai faɗi kafin in hau keke. Na fara kowane layi daga tsakiya zuwa baki, don duk rarar da ta taru ta fita waje. Sannan na sa wa keken wata ƙafa mai haƙoran kanta, wadda take jan sama daidai da ƙasa. Allura lamba 100 na sa maimakon 80 da nake ɗinka yadi marar nauyi da ita, na buɗe tsawon ɗinki daga milimita 2.5 zuwa 3.5. Kada ku ja yadi ta baya don ku taimaki keke, allura ce za ta lanƙwashe ko ta karye. Hannu jagora kawai yake yi.

Ga masu tambayar me ya sa zare yake cukurkuɗewa a ƙasa: tun keken da Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka a 1846, zare biyu ne suke sarƙewa, na sama da na ƙasa, kuma ƙullin ya kamata ya ɓuya a tsakiyar yadi. In ka ga madaukai a ƙasa, galibi laifin zaren sama ne, ko ya yi sako-sako ko bai shiga hanyarsa daidai ba. A ɗaga ƙafar keke, a zare shi gaba ɗaya, a sake sawa, kafin a fara taɓa wani abu.

Bakin shimfiɗar da tsiri na naɗe shi, wanda na yanka a karkace, kusurwa 45, domin yadin da aka yanka haka yana miƙewa ya bi lanƙwasa ba tare da tattarewa ba. Kusurwoyin ma zagaye na yi musu, sun fi sauƙin naɗewa kuma ba sa ba kare abin taunawa. Ba maɓalli, ba zif, ba igiya, ba geza. Duk abin da zai iya cirewa zai iya haɗiyewa.

Amfanin shimfiɗar ya wuce abin da na ɗinka ta dominsa. Da yake lokacin tausa kaɗai nake shimfiɗa ta, in an gama in naɗe, yanzu da ya ga na ɗauko ta sai ya zo ya kwanta da kansa. Ran da bai zo ba, na san ba ya so, sai in mayar.

Ragowar yadin ya ba ni rigunan matashi biyu. Irin marasa zif na yi, waɗanda bayansu ƙyalle biyu ne ɗaya ya hau kan ɗaya da kamar santimita 10, a cusa matashin ta tsakani. Ga matashi mai santimita 45, na yanka gaban 45 cif, da rarar ɗinkin a ciki, don rigar ta ɗan matse, matashin ya fito a cike. A datse kusurwoyi kafin a juya, in ba haka ba sai su dunƙule. Ƙananan ƙyallayen kuma na harhaɗa su na yi abin kama tukunya. Nan gargaɗi ɗaya ne: cushen ya zama auduga zalla, domin na roba narkewa yake yi in ya ji zafi. Yadin labulen tagar da na yi alkawarin ɗinkawa har yanzu yana naɗe. Na dai auna, faɗin yadin ya ninka na tagar sau ɗaya da rabi zuwa biyu in ana son ya yi tattara mai kyau.

Abin da ke gabana shi ne tafin ƙafa. Duna har yanzu janye ƙafar baya yake yi da zarar na wuce gwiwa, don haka a gwiwar nake tsayawa, kullum in ɗan gangara kaɗan. A ɗinki kuma ina so in yi wa shimfiɗar riga ta biyu mai cirewa, don a wanke ɗaya ana amfani da ɗaya. Wanda ya taɓa ɗinka yadi mai ɗigon roba ba tare da ya manne wa farantin keke ba, ya taimaka mini da dabararsa. Ni takarda marar kauri nake sawa a ƙarƙashi in yage bayan ɗinki, amma tsince guntayenta daga cikin zare yana cin lokaci.