Asabar, ranar atisaye

Tun da safe mai kaɗa mana jitar bes ya turo saƙo wai yau zai zo da abin toshe kunne, kada wanda ya yi masa dariya. Na yi shiru abina. Shi ne fa ya daɗe yana yi min tsiya, yana cewa makaɗin da ya toshe kunne daidai yake da mai zanen da ya sa baƙin tabarau. Abin da ya sauya masa ra'ayi wasanmu na makon jiya ne. Ya ce tun daga daren nan kunnensa na hagu ke wani siririn fito, da rana ba ya damunsa, amma da zarar ya kwanta gari ya yi tsit sai ya taso. Kunnen hagun nan kuwa shi ne ke fuskantar farantan ƙarfen gangunana.

Ɗakin da muke atisaye ƙarami ne, bango zalla, duk abin da ka buga dawo maka yake yi. Kafin mu fara na ajiye waya a kan kujera na kunna manhajar auna ƙara. Ba ma'auni ba ne na ƙwararru, amma tana nuna inda aka dosa. Muna shiga amshin waƙar farko lambar ta haye ta tsaya tana rawa a kusa da desibel 100, wato ma'aunin ƙarfin ƙara. Na nuna wa mai bes. Lissafin hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, shi ne kunne zai iya ɗaukar desibel 85 na awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya. In aka kai 100, minti 15 ne kacal. Mu kuwa waƙa uku kawai sun cinye wannan, ga sauran yamma gaba ɗaya a gabanmu.

Na soso ya sayo, irin wanda masu aikin masana'anta ke sakawa. Ya cusa su haka nan, rabi a ciki rabi a waje. Na ce masa, "Ɗan'uwa, wannan ai ado ka yi." Na karɓi ɗaya na murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri ba lanƙwasa, na sa ya zagayo da hannunsa ta bayan kai ya ja saman kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, ya tura, ya riƙe da ɗan yatsa kamar rabin minti har soson ya kumbura. Ina kallon fuskarsa lokacin da ɗakin ya yi masa nisa.

Waƙa ɗaya ya yi ya cire. Wai ba ya jin kansa, komai ya dagule, sai gurnani. Gaskiyarsa ce, kuma nan ne yawancin makaɗa ke yin fushi su bar abin. Soso yana kare kunne sosai, amma ba ya rage sauti daidai wa daida. Siraran sautuka yake fi kashewa, ya bar masu kauri su wuce, sai bakin waƙa ya ɓace, kaifin jita ya tafi. Don wannan matsalar aka yi na makaɗa, masu 'yar matata a tsakiya. Kamfanin Etymotic ya fito da nasa, ER-15, a 1988, wanda ke rage kusan desibel 15 a kowane mataki na sauti, siriri da mai kauri. Kiɗan yana nan yadda yake, ƙararsa ce kawai ta sauka. Waɗanda ake zuba wa mutum daidai da ramin kunnensa ana iya sauya musu matata, akwai 9, akwai 15, akwai 25. Ni 25 nake sawa saboda a tsakiyar ganguna nake zaune. Na ba mai bes na robar da nake ajiyewa a jakar sanduna, masu tudu uku, waɗanda ba a auna wa kowa ba. Wannan karon bai cire ba, sai ma ya ce yanzu ne ya ji mai piyano na shiga masa layi.

Mawaƙinmu tasa matsalar daban. Shi da ya toshe kunne muryarsa ke cika masa kai, domin sautinta na bi ta ƙashin muƙamuƙi ya taru a ramin da aka rufe. Dabararsa ita ce ya sa ɗaya ya bar ɗaya. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan: kunnen da aka bari a buɗe yana shan dukan da zai sha, ba ruwansa da ɗan'uwansa. Maganin shi ne toshen da ke shiga ciki sosai, irin wanda ake aunawa, yana rage wannan kuwwar. Ya ce zai duba. Na san irin wannan zai duba ɗin.

Da muka tsaya hutu, dattijon da ke haɗa mana sauti ya matso. Shekara da shekaru yana gaban lasifika. In kana masa magana sai ya ɗan karkato da kunnen dama, idonsa a kan leɓenka. Mai bes ya ce, "Baba, kai ba ka taɓa sakawa ba?" Ya ce a zamaninsu wa ya san da wannan, in kunne ya yi dum bayan wasa sai a ce wasa ya yi kyau. Ya ce shi ba kurma ba ne, yana jin ana magana, ganewa ce ke ba shi wuya, musamman in mutane sun yi yawa a wuri.

Maganar ta zauna min, domin kuwa haka abin yake tafiya. A can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyin gashi wajen dubu 15, su ke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke karantawa. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Ƙara kuma ta fi fara cin waɗanda ke kama siraran sautuka na wajen hertz 4,000 (hertz shi ne ma'aunin sirantaka ko kaurin sauti), yankin da baƙaƙe irin su s da f ke zaune, shi ya sa kalmomi ke rasa gefensu tun mutum bai san ya yi asara ba. Ba ciwo, ba jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin wannan saboda yadda suke sauraron kiɗa, kuma a 2022 ta fitar da ƙa'ida ga wuraren wasa: kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100, a kuma tanadar wa 'yan kallo abin toshe kunne.

Bayan hutu muka juya lasifikar mai jita ta daina kallon kawunanmu, muka matsar da mai bes daga gefen farantaina. Sai rigima ta tashi a kan wa zai rage nasa. Mai jita ya ce ni ne nake duka da ƙarfi, na ce shi ya fara ƙarawa, kowa na bin wani. Mun rage kaɗan, ba kamar yadda na so ba.

Na dawo na cire matatar, na wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu na shanya. Mai bes ya kira da daddare yana tambayar inda ake gwajin ji. Na ce ya nemi likitan kunne, ya kuma faɗa masa zancen fiton nan tun daga farko. Litinin za mu je tare, ni ma lokacin sake gwajina ya yi. Mai jita ne har yanzu ya ƙi, wai shi kunnensa ya saba.