Kafin ki sayar da ƴan kunnenki don a rage miki tumbi

Wata biyar bayan haihuwata ta huɗu na hau sikeli a ɗakin awo, ya nuna kilo 97. Na sauka, na cire takalmi, na ajiye jakata, na sake hawa. Bai sauya ba. Shekarar da aka kai ni ɗaki kilo 58 nake. Daga can har gida, a bayan adaidaita, kuka nake cikin hijabi, jaririyata tana barci a ƙirjina. A daren nan na fara neman inda ake aikin rage ƙiba, kuma daga nan na ɗauki hanyar da nake so ku, ƙannena, ku guje mata.

Amma kuskuren ya girmi wannan dare. Ana saura wata biyu bikina, gwaggona ta dube ni ta ce amarya kamar sillen kara abin kunya ce ga dangi. Aka sayo mini ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe a hannun masu tallar magani, ina haɗawa da fura da madara. Sai bayan shekaru na san abin da na sha. Ɗaya dexamethasone ne, maganin da ake ba masu ciwo mai tsanani. Yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da doron wuya, ya ɗaga sukarin jini da hawan jini. Ɗayan cyproheptadine ne, mai buɗe ciki da sa barci. Na yi kumatu, aka yaba, ni ma na ji daɗi. In akwai mai shan su cikinku yanzu, ta je ta gaya wa likita gaskiya. Kada ta yar da su dare ɗaya, domin wanda ya daɗe yana shan dexamethasone a hankali ake janye masa shi, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum.

Sai haihuwa ta zo a jere, huɗu cikin shekara takwas. Kowane jego gida nake tafiya wanka, kuma Inna ba ta wasa da mai jego: kunun kanwa da safe, gasasshen nama da yaji, tuwo da man shanu, fura da sukari tsakanin la'asar da magariba, kwana arba'in ba na ɗaga ko tsintsiya. Ƙauna ce, ban taɓa shakka ba. Sai dai mai shayarwa ƙarin abincin da jikinta ke nema bai wuce kalori 500 a yini ba, abin da kwano ɗaya madaidaici zai biya, ni kuwa ina cin na mutum uku. Kanwa kuma gishiri ce mai nauyi, tana riƙe ruwa a jiki tana wahalar da zuciya. Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16 a dukan goyon ciki, mai ƙiba kuma 5 zuwa 9. Ba wanda ya taɓa faɗa mini haka, ni ma ban tambaya ba. Kowane yaro ya bar mini kilo goma ko kusa da haka, kafin in sauke wani cikin ya shiga.

Abin da ya tura ni ba ciwon gwiwa ba ne, ko da yake ina fama da shi har sallah ta koma mini a zaune. Magana ce. A wani suna a unguwar Zariya ta nan Maraɗi wata ta ce, da ƙarfi yadda zan ji, irinmu ne ake yi wa kishiya ba a tausaya ba. Maigidana bai taɓa furta haka ba. Ni ce na ɗauki maganar na kai ta gida na kwana da ita.

Na fara da shayin rage ƙiba da wata ke tallarsa a WhatsApp. Zawo ne kawai yake sawa. Kwana shida na yi ina zarya, kilo biyun da suka tafi ruwa ne, nonona ya ragu har yarinyar ta kwana tana kuka tana cizon hannu. Wannan daren har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Daga nan na faɗa hannun wani dillali da ke cewa yana kai mata Tunisiya a yi musu aiki. Ya aiko hotunan da da na yanzu, ya ce miliyan uku da rabi na sefa har da jirgi da masauki, a ba da jikka 400, wato sefa dubu 400, kafin alƙalami. Bai tambaye ni ko ina shayarwa ba, bai tambayi hawan jinina ba, bai nemi takardar awo ko ɗaya ba. Na kwashe kuɗin adashena, na sayar da ƴan kunnen zinariyar da Inna ta ba ni ranar aure, na aika, ban gaya wa kowa ba. Ko sunan aikin ban sani ba. A zatona zuƙe kitse za a yi in dawo kamar da.

Yayata ce ta gano, ganin kunnena ba komai. Ta ce, "Ke, ina ƴan kunnen Inna?" Da na faɗa mata ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Gobe ki shirya, za mu ga likita. In ya ce ki tafi, ni zan raka ki."

Likitan dattijo ne. Ya auna tsawona, mita 1.62, ya jawo takarda ya yi lissafi a gabana: nauyi a raba da tsawo, a sake rabawa da tsawo. Ya fito 37. Ya ce wannan shi ake kira BMI, kuma dokar da aka daɗe ana bi ita ce ana duba batun aiki ga wanda ya kai 40, ko 35 in yana da ciwon sukari ko hawan jini, har ma a 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sassauta ta. Ya ce, "Madam, a kan takarda kin cancanta, don jininki ya hau. Amma yau, da jaririya a nono da ƙarancin jinin nan, wanda ya yarda ya yanka ki ba ya sonki."

Sannan ya zana mini tumbi. Zuƙe kitse daban ne, gyaran siffa ne, ba ya maganin ƙiba. Aikin rage ƙiba a kan tumbi ake yinsa. A wanda aka fi yi, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 a fitar, a bar shi siriri kamar ayaba, kuma abin da aka cire ya tafi ke nan. A wani kuma ana ware ɗan aljihu a saman tumbin a haɗa shi da hanji, abinci ya tsallake wani sashe. Bai ɓoye mini alherinsa ba: mutane da yawa suna sauke kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu ko fiye, ciwon sukari ya lafa, jini ya sauka. Magani ne na gaskiya, kuma kada ku bari a ce muku wadda ta yi raguwa ce.

Abin da dillalin bai faɗa ba shi ne rayuwar bayan aiki. Makonnin farko ruwa-ruwa kawai za ki sha, sannan abinci mai laushi, loma kaɗan kin ƙoshi. Ba a haɗa ci da shan ruwa lokaci ɗaya, ku tuna da zafin watan Afrilu a Maraɗi. Za ki sha ƙwayoyin ƙarin jini, da kalsiyam, da bitamin B12 har ƙarshen rayuwa, ana awon jini a kai a kai. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da muke saya kamar alewa, za ki bar su. Azumi sai da shawarar likita. Ɗinkin na iya yin yoyo a kwanakin farko, jini na iya daskarewa a jijiya, kuma waɗannan ba sa jira. Ya tambaye ni, "In ya faru kina gida, wa zai karɓe ki? Yamai ma sama da kilomita 600 ce daga nan." Ban da amsa.

Sai ya zo kan abin da ya fi taɓa ni. Ya ce bayan aiki ana so mace ta yi wata 12 zuwa 18 ba ta ɗauki ciki ba, domin lokacin jiki na zubar da nauyi da sauri, ɗan tayi ba zai sami abin da yake bukata ba. Ga shi kuma raguwar ƙiba na sa ciki saurin shiga. Ya ce, "Kun yi wannan maganar da maigida?" Mutumin da ko labarin tafiyar bai sani ba.

A daren na gaya masa. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce abin da ya ƙona masa rai ba kuɗin ba ne, a ce zan kwanta a yanka ni a wata ƙasa shi yana nan bai sani ba. Dillalin kuwa da na nemi kuɗina sai ya ce kafin alƙalami ba ya dawowa, bayan mako guda lambar ta daina shiga.

In kin tsinci kanki inda na tsinci kaina, fara da likitan da ba zai ci ko dala ba in kin yi aikin. A auna jininki, da sukari, da ƙarancin jini, da maƙoƙo, domin bayan haihuwa ƙwayar maƙogwaro kan yi sanyi ta kawo ƙiba da kasala. In kina allurar tazara ta wata uku ki faɗa, wasu matan tana ƙara musu nauyi, kuma akwai wasu hanyoyin. Ki bari ki yaye. In har za ki yi, ki san sunan aikin, ki yi magana da likitan da zai riƙe wuƙar da bakinki, ki san wanda zai duba ki a nan bayan kin dawo.

Yau wata 14 ke nan. Na daina lemun kwalba da sukari a fura, rabin kwanona zogale ne ko rama ko kabeji, bayan asuba ni da maƙwabciyata muna zaga unguwa minti talatin kafin rana ta yi zafi. Kilo 89 nake, lissafin ya koma 34, ina shan maganin hawan jini kullum. Akwai watan da sikeli bai motsa ba ko kaɗan, na yi fushi na koma wa fanke kwana goma. Ban rufe ƙofar aikin ba. Mun yi da likitan in yarinyar ta cika shekara biyu za mu sake zama, ni da shi da maigida, mu duba takardun awona. Sallar magariba ta jiya a tsaye na yi ta, raka'a uku.